Dalilin da ya sa kwamfuta ke jan mutum a gida

A garuruwan da ke gaɓar tafkin Kainji, kamar a sauran sassan Najeriya, masu kwamfutar tebur kan yi kukan cewa jikin na'urar yana jansu idan sun taɓa shi. A mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta ƙalau. Wayar ƙasa ta gidan ce ta yanke, ko kuma ba a taɓa sa ta ba tun farko.

Tun daga shekarar 1968 da aka kammala gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, wato Neja, masarautar Yauri ke maƙwabtaka da ɗaya daga cikin manyan tashoshin samar da wutar lantarki na Najeriya. Tafkin da madatsar ta haifar ya miƙe sama da kilomita 130 daga jihar Neja har zuwa Yelwa, kuma ya tilasta sake tsugunar da mutane kimanin dubu 44, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai.

Babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 da ya tashi daga Kainji zuwa Birnin Kebbi ta wannan yanki ya ratsa. To amma duk girman wannan aiki, a 'yan mitocin ƙarshe, tsakanin falwaya da soket ɗin ɗaki, ake tabbatar da ko wutar za ta yi wa mai gida hidima cikin aminci ko kuwa za ta zame masa haɗari.

Batun ya ƙara muhimmanci ne tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ɗalibai na bukatar koyon sarrafa ta, malamai da ma'aikata na ajiye ta a gida, masu shagunan buga takardu a Yelwa da Wara da Shanga kuma da ita suke neman abinci. Yawancin waɗannan na'urori na hannu ne, kuma ana jona su ne a ɗakunan da aka yi wa wayarin domin ƙwan fitila da fanka kawai.

Aikin waya ta uku

Najeriya ta gaji tsarin filogi mai ƙafa uku daga Ingila, kuma ƙarfin wutar gida a ƙa'ida bolt 230 ne. Ƙafa biyu na ƙasa su ke ɗauke da aikin yau da kullum. Ɗaya ita ce layif, wadda wuta ke shigowa ta cikinta, ɗayar kuma nutural, wadda take komawa ta cikinta. A tsohon tsari layif ja ce, nutural baƙa. A sabon tsari layif ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya.

Ƙafa ta uku, wadda ta fi sauran tsawo da kauri, ita ce ta wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. An tsawaita ta ne domin ta riga sauran shiga soket, ta kuma zama ta ƙarshe wajen fita. Wannan waya tana haɗa jikin ƙarfe na kwamfutar da wata sandar ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa a wajen gida.

Idan komai na tafiya daidai, kusan babu abin da ke bi ta cikinta, kuma na'ura za ta yi aiki ko da babu ita. Wannan ne ma ya sa masu gini da yawa ke ɗaukarta a matsayin ɓarnar kuɗi. Amfaninta kan bayyana ne ranar da wuta ta ɓalle daga hanyarta ta hau jikin na'ura, domin a ranar ita ce za ta ba wutar hanyar sauka wadda ta fi jikin ɗan Adam sauƙi.

A akasarin gidajen Najeriya wayoyi biyu ne kawai ke saukowa daga falwaya, layif da nutural. Kamfanin wuta yana da tasa wayar ƙasa a gindin taransifoma, amma ta cikin gida nauyi ne da ya rataya a wuyan mai ginin.

Inda jan ke fitowa

A bayan kowace kwamfutar tebur akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka, inda kebul ɗin wuta ke shiga. Aikinsa shi ne mayar da bolt 230 zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 da sassan ciki ke bukata. Yana yin haka ne ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, abin da ke haifar da hayaniyar lantarki mai iya dagula rediyo da sauran na'urori.

Domin tace wannan hayaniya, masu ƙera akwatin suna sa wasu ƙananan kafasita guda biyu, ɗaya tsakanin layif da jikin akwatin, ɗayar kuma tsakanin nutural da jikin akwatin. Da gangan aka tsara su su riƙa ɗigar da 'yar wuta ƙalilan zuwa jikin ƙarfen, bisa zaton cewa wayar ƙasa za ta kwashe ta nan take.

Idan babu wayar ƙasa, wutar ba ta da wurin zuwa. Kafasitocin biyu sai su raba ƙarfin wutar gida biyu, jikin kwamfutar ya tsaya a kan wajen bolt 110 zuwa 115. Shi ya sa testa ke kawo haske idan an ɗora ta a kan kusoshin bayan na'urar, shi ya sa kuma mutum ke jin tsikari ko wani ɗan kaɗawa a fatar hannunsa.

Adadin yana da ban tsoro a ji, amma yawan wutar da kafasitocin ke bari ta wuce kaɗan ne ƙwarai. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da aka daɗe ana ƙera irin waɗannan na'urori a kanta ta taƙaita shi ga miliamfiya 3.5, kuma yawancinsu ba sa kaiwa ko da miliamfiya 1.

Tsikari da kuma haɗari

Abin da ke yi wa jiki illa shi ne yawan wutar da ta ratsa shi da kuma tsawon lokacin da ta ɗauka. Mutum kan fara jin wuta daga wajen miliamfiya 1. Daga wajen miliamfiya 10 tsokar hannu kan ƙanƙame har ya kasa sakin abin da ya riƙe. Idan ta kai miliamfiya 50 zuwa 100 ta kuma bi ta ƙirji, tana iya dagula bugun zuciya har ta kai ga rasa rai.

Ke nan tsikarin da kafasita ke haddasawa ba ya kisa shi kaɗai. Sai dai yana shaida cewa kariyar da aka tanada ba ta nan. Duk ranar da robar wata waya ta narke, ko ɓera ya ci ta, ko danshi da ƙura suka haɗa layif da jikin akwatin, bolt 230 ne cif za su hau jikin na'urar su zauna, ba tare da fis ya ƙone ko wani abu ya nuna alama ba.

Yanayin ɗakin ma yana da tasiri. Busasshiyar fata tana tare wuta gwargwado, amma jiƙaƙƙiya ba ta tarewa sosai. Mutumin da ya idar da alwala ya shigo ɗaki da danshi a hannu da ƙafa, ya taka siminti ko tayil ba takalmi, ya zama hanya mafi sauƙi tsakanin jikin kwamfuta da ƙasa. Haka ma yaron da ke rarrafe a ƙarƙashin tebur, inda aka fi ajiye na'urar.

Akwai wani jan na dabam da ya kamata a bambance. A lokacin hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iska kan bushe har jikin mutum ya tara wuta daga gogayyar tufafi da darduma. Wannan kan fita ne sau ɗaya da 'yar ƙara, ya wuce. Wanda ke da nasaba da wayar ƙasa kuwa ba ya yankewa muddin hannu na kan ƙarfen.

Asarar dukiya

Tun kafin a kai ga batun rai, rashin wayar ƙasa kan fara cin aljihu. Idan jikin kwamfuta na kan bolt 110, jikin firinta ko talabijin kuma na kan wani adadi na dabam, to da zarar an haɗa su da kebul wutar za ta nemi daidaita kanta ta cikin siraran wayoyin da aka tsara domin bolt 5. Daga nan ake samun ɗan tartsatsi, ramin USB ya mutu, ko wurin jona allo ya daina aiki.

Sauran alamomin sun haɗa da gurnani mai ɗorewa a lasifika, da layukan da ke yawo a kan tsohon allo, da kibod ko linzami da ke yankewa suna dawowa. Mai gyara da bai duba soket ba zai iya sauya sassa ɗaya bayan ɗaya, mai na'ura ya yi ta biya, matsalar kuma tana nan daram a bango.

Kazalika ekstenshin mai kariya daga hauhawar wuta, wanda mutane ke saya da tsada, wani ɓangare na aikinsa ya dogara ne a kan wayar ƙasa, domin ta nan yake karkatar da wutar da ta yi yawa. Sitabilaiza kuwa daidaita ƙarfin wuta kawai take yi. Ita da UPS babu mai ƙirƙiro wayar ƙasa a inda babu ita.

Bin sawun matsalar

Hanyar wayar ƙasa tamkar sarƙa take, daga jikin na'ura zuwa kebul, zuwa ekstenshin, zuwa soket, zuwa akwatin rarraba wuta na gida, har zuwa sandar da ke cikin ƙasa. Ko ina ta tsinke, sakamakon ɗaya ne. Don haka hikima ita ce a fara da abin da ya fi kusa kuma ya fi araha.

Na farko shi ne kebul ɗin kwamfutar. Na'urorin hannu da aka shigo da su daga Jamus da maƙwabtanta kan zo da filogi mai ƙafa biyu zagayayyu, wanda wayar ƙasarsa ke kan wasu 'yan ƙarafa a gefe. Idan aka cusa shi a soket ɗin Najeriya, ko aka sa masa adafta mai araha, waɗannan ƙarafa ba sa taɓa komai. Maganin shi ne a sayi kebul mai ƙafa uku na tsarin Ingila.

Ko a nan ma sai an lura, domin akwai jabun kebul masu ƙafa uku a waje amma wayoyi biyu a ciki. Ana gane su da mitar awo ta masu gyara. A zare kebul ɗin daga bango, a bar shi a jikin kwamfutar, a ɗora tsinke ɗaya a kan doguwar ƙafar filogi, ɗayan kuma a kan kusar jikin na'urar. Ya kamata mitar ta nuna ƙasa da om 1. Idan ba ta nuna komai ba, an gano inda gizo ke saƙa.

Na biyu shi ne ekstenshin. Da yawa daga cikin masu araha ramuka uku gare su amma igiyarsu waya biyu ce. Gwaji mafi sauƙi shi ne a jona kwamfutar kai tsaye a bango a ga ko jan ya ɓace. Yana da kyau kuma kwamfuta da allo da firinta da lasifika su sha daga ekstenshin guda mai inganci, domin jikinsu duka ya kasance a kan mataki ɗaya.

Na uku shi ne soket, kuma daga nan aikin ya koma hannun wanda ya san wuta. A soket mai lafiya, tsakanin layif da nutural za a samu kusan bolt 220 zuwa 230 idan wutar ta cika. Tsakanin layif da ramin ƙasa za a samu kusan haka. Tsakanin nutural da ramin ƙasa kuwa 'yan bolt ƙalilan ne. Idan layif da ramin ƙasa suka ba da sifili ko wani adadi mai tangal-tangal kamar 60 ko 90, ramin ba ya haɗe da komai.

A kan kuma tarar an juya layif da nutural. Kwamfuta za ta yi aiki a haka, amma makunnin soket da fis ɗin filogi za su koma kan nutural, ta yadda ko an kashe soket wuta na nan a cikin na'urar.

Idan an gwada duk waɗannan aka same su lafiya amma na'urar na ci gaba da ja, ko tana warin ƙuna, ko tana kashe wutar gida da zarar an kunna ta, zargi ya koma kan akwatin wutarta. Wannan akwati sauya shi ake yi. Manyan kafasitocin da ke cikinsa kan riƙe sama da bolt 300 na ɗan lokaci bayan an zare filogi, saboda haka buɗe shi a gida kasada ce.

Ƙasar Yauri da sandar ƙarfe

Ƙarshen sarƙar shi ne sandar da aka kafa a ƙasa, kuma a nan ne yanayin wuri ke shigowa. Ƙasa ba ta ɗaukar wuta sai ta hanyar danshi da gishirin da ke narke a cikinta. Laka da ƙasar fadama suna karɓar wuta cikin sauƙi. Busasshen yashi da tsakuwa da marmara kan fi su tauri sau goma ko fiye, dutse kuma ya fi su duka.

Yankin Yauri yana da nau'o'in biyu. A bakin tafki da fadamun da ake noman shinkafa da albasa, ƙasa na riƙe danshi. Da an hau tudu kuwa sai a tarar da tsakuwa da marmara a kan tsohon dutse, irin wanda ake haƙar zinariya a cikinsa a wannan yanki. Sanda mai tsawon ƙafa 4, wadda aka fi samu a kasuwa, za ta iya wadatarwa a wuri na farko ta kuma gaza a na biyu.

Lokaci ma na sauya lissafi. Damina kan faɗi daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, daga nan sai rani ya busar da saman ƙasa. Shi kansa tafkin Kainji hawa da sauka yake yi a kowace shekara, domin baya ga ruwan damina yana samun wata ambaliya ta biyu da ke isowa a tsakiyar rani daga tsaunukan Gini ta ƙasar Mali, sannan ya ja baya yayin da injunan madatsar ke zuƙarsa. Sandar da ta ba da sakamako mai kyau a watan Agusta za ta iya zama kamar babu a watan Maris.

Wannan ne dalilin da ya sa wasu ke lura cewa kwamfutarsu ta fi ja a wani lokaci na shekara. Shi ne kuma ya sa ake son a auna sandar a ƙarshen rani, da na'urar da aka tanada musamman domin wannan awo. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda injiniyoyin Najeriya suka daɗe suna koyi da ita, ta yi kashedin cewa sandar da awonta ya haura om 200 ba abin dogaro ba ce. A Amurka kuwa idan sanda guda ta haura om 25, ana bukatar a ƙara mata ta biyu.

Inda ƙasa ta yi tauri, mafita ita ce a zurfafa, ta hanyar sa sanda mai ƙafa 8 ko a haɗa biyu a tsaye, ko kuma a kafa sanduna da dama a jona su, tazarar da ke tsakaninsu ta kai aƙalla tsawon sanda guda. Tsohuwar dabarar zuba gishiri da gawayi a ramin tana aiki na ɗan lokaci, sai dai ruwan sama na wanke gishirin, shi kuma yana cin ƙarfen. Wata irin laka mai riƙe ruwa da ake kira bentonait ta fi ɗorewa.

Ya kamata a bar mahaɗar waya da sanda a cikin ɗan rami mai murfi inda za a iya dubawa. Sau da yawa a nan ne tsatsa ke cinye mahaɗar, ko masu neman jan ƙarfe su yanke wayar, mai gida bai sani ba har shekaru su shuɗe.

Sanda kaɗai ba ta isa ba

Akwai wani lissafi mai sauƙi da ya kamata kowane mai gida ya sani. A ɗauka sandar gida ta ba da om 50, wanda sakamako ne mai kyau a ƙasar tudu. Idan layif ta taɓa jikin kwamfuta, wutar da za ta bi ta ƙasa ba za ta wuce bolt 230 a raba da 50 ba, wato amfiya 4.6. Fis ɗin filogi kuwa galibi na amfiya 13 ne. Ba zai ƙone ba, kuma jikin na'urar zai ci gaba da ɗaukar wuta mai haɗari.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne wata na'ura da ake sawa a akwatin rarraba wuta, mai suna RCD, wadda masu wayarin suka fi sani da ELCB. Tana gwada yawan wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. Idan ta ga bambanci ya kai miliamfiya 30, ta san wuta ta ɓalle ta wata hanya, sai ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa.

Sanda da wannan na'ura tare suke aiki. Sandar ce ke ba wutar da ta ɓalle hanyar fita tun kafin wani ya taɓa, na'urar kuma ta gane ta yanke. A jikinta akwai maɓallin gwaji da ya kamata a riƙa dannawa duk bayan 'yan watanni. Idan an danna wuta ba ta yanke ba, na'urar ta mutu.

Wasu kan cire ta ko su tsallake ta saboda tana yawan yanke wuta. Yawan yankewar alama ce ta cewa akwai inda wuta ke zuba, ko danshi a cikin bango, ko nutural da ta haɗu da wayar ƙasa a wani soket. A shagon da ke da kwamfutoci masu yawa kuwa, 'yar wutar da kowace ke ɗigarwa kan taru ta kai haddin da na'urar za ta yanke, don haka ake raba su zuwa layuka biyu ko uku.

Janareta da sola

Saboda yawan ɗaukewar wuta, kwamfuta guda kan sha daga wurare uku a rana ɗaya, wato layin kamfani da janareta da inbata mai aiki da hasken rana. Kowane da yadda yake hulɗa da ƙasa, saboda haka sai an gwada soket da na'urar RCD a kan kowannensu dabam.

Ƙananan janareta da yawa ba su haɗa ko ɗaya daga cikin wayoyinsu biyu da ƙasa ba, shi ya sa testa kan yi haske a ramuka biyun. A jikinsu akwai kusa mai alamar ƙasa wadda ya kamata a haɗa da sandar gida. Inbata ma wasu suna haɗa nutural da ƙasa da kansu idan wutar kamfani ta ɗauke, wasu ba sa yi. Idan ba a yi wannan haɗi ba, RCD na iya kasa yankewa a lokacin da ake bukatarta.

Wannan haɗi a wuri ɗaya tak ake yin sa, a tushen wutar, kuma aikin ƙwararre ne. Wajibi ne kuma a sa makunnin sauya layi mai raba gida da falwaya baki ɗaya, domin janaretan da aka jona kai tsaye a soket yana mayar da wuta kan layin waje, inda zai iya halaka ma'aikacin da ke gyara.

Ƙarafan da ke riƙe da faifan sola a kan rufi su ma suna bukatar a haɗa su da ƙasa. Game da tsawa kuwa, babu ekstenshin da zai tare aradun da ya faɗo kusa. Idan hadari ya haɗo, abin da ya fi shi ne a zare filogin kwamfuta da kebul ɗin intanet da duk wata waya da ta shigo daga waje.

Dabarun da ke ƙara haɗari

Mafi muni a cikin gajerun hanyoyin da ake bi shi ne haɗa ramin ƙasa da nutural a bayan soket. Jan kan ɓace nan take, mai gida ya yi murna. To amma ranar da nutural ta yanke a falwaya, ko wani ya juya wayoyin biyu a wajen mita, jikin duk na'urar da ke gidan zai ɗauki cikakkiyar wuta.

Haka nan ɗaura waya a jikin ƙusa da aka buga a bango, ko a ƙarfen taga, ko a bututun ruwa, ba ya maye gurbin sanda. Yawancin bututan yanzu na roba ne, ƙarfen taga kuma zai iya kai wutar ga wanda ke waje bai san hawa ba bai san sauka ba. Ɗora na'ura a kan katako ko shimfiɗa roba a ƙasa yana ɓoye alamar ne kawai.

Alhakin wa ne?

Jihar Kebbi tana cikin yankin kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna, ɗaya daga cikin kamfanoni 11 da suka gaji PHCN a shekarar 2013. Alhakin kamfanin ya tsaya ne a kan mita. Abin da ke bayanta na mai ginin ne, don haka ɗan haya da ya tarar babu wayar ƙasa a ɗakinsa da mai gida zai yi magana.

A shekarar 2015 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta fitar da ƙa'idojin wayarin da suka wajabta haɗa gine-gine da ƙasa. A shekarar ce kuma aka kafa dokar hukumar NEMSA, wadda aka ɗora wa nauyin duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Dokar lantarki ta shekarar 2023 ta tabbatar wa hukumar wannan aiki. Mai gida yana da damar neman ganin wannan takarda kafin ya ba da kwangila, ya kuma nemi a rubuta masa adadin om da sandarsa ta bayar.

Ga mai shirin gini, lokacin jan waya ta uku shi ne lokacin da bututan wayarin ke buɗe, kafin a yi filasta. Ga wanda ya riga ya tare a tsohon gida kuwa, ba dole ba ne a fasa bango duka a rana ɗaya. Ana iya farawa da kafa sanda, da sa RCD a akwatin rarraba wuta, da jan sabon layi mai waya uku zuwa ɗakin da kwamfuta take, sannan a bi da firji da injin ruwa da dutsen guga, waɗanda su ma jikinsu ƙarfe ne kuma haɗarinsu iri ɗaya ne.